Wanda Ya Zuba Ganye a Titi

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar Lahadi aka kira Sufeto Katung, yana tsaye a kicin da kofin shayin da ko kurɓa bai yi ba. Karaban ya tsinke daga jikin mota a wata gangara da ke bayan filin Plumstead Common a Landan, ya bi ta kan wata mata. Matar ta rasu.

Karaban shi ne ɗakin nan mai taya da mutanen ƙasar ke ja da mota in za su hutu bakin teku, da gado da murhu a cikinsa. Wannan kuwa ƙato ne, fari fat. Katung ya tarar da shi kwance a kan haƙarƙari a ƙasan gangarar, ya tare rabin titi, ya lanƙwashe ƙarfen tashar bas. A gefe ga kular abinci ta fashe, shinkafa da wake sun watse a kan kwalta.

Sajan Zion, wadda suka shekara huɗu suna aiki tare, ta tare shi da littafinta a buɗe.

"Sunanta Amamata, shekara hamsin da takwas, 'yar zangon Kumasi ta Ghana. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, bas take jira ta tafi aikin safe. Direban bas ne ya same ta, shi ya kira asibiti. Mai jan karaban ɗin kuma ta dawo da kanta, ta amsa laifi. Ga ta can da mahaifinta. Ina ganin yau da wuri za mu tashi, Sufeto."

Katung ya matsa kusa. Ya tsuguna a gaban karaban ɗin, inda kofin ƙarfen da ke hawa kan ƙwallon bayan mota yake. Babu abin da ya karye. Mariƙin kofin na ɗage, alamar bai taɓa kama ƙwallon ba, ɗora shi kawai aka yi a kai kamar hula. Sai ya nemi jar wayar nan ta birki, wadda ake maƙalawa a jikin mota don in karaban ya tsinke ta fizgo birkinsa ya tsaya. Tana nan lafiya lau, an nannaɗe ta tsaf a jikin mariƙin, kamar wanda ya adana igiyar shanya.

Ransa ya ɓaci. Aikin daƙiƙa biyar ne, wani ya ga ba shi da lokacinsa, aka kashe matar mutane.

Ya miƙe ya hau gangarar a ƙafa, can sai ya tsaya cak. Tarin ganye ne a tsakiyar titi, rassa ɗanyu da aka karyo daga shingen ƙaya na gefen hanya. Ya ƙara taku goma, ga wani tarin. Taku goma kuma, ga na uku, daidai bakin kwana.

"Karaban ɗin ne ya gogi shingen," in ji Zion.

"Ya gogi shinge ya jera ganye kashi uku, taku goma-goma? A ɗauki hoton kowanne, kada a taɓa."

Zion ta kalle shi kamar mai shirin tambayar ko ya yi barci jiya. Ba laifinta ba ne, a unguwar Lewisham ta Landan aka haife ta. Shi kuwa Katung ɗan direban tirela ne, mahaifinsa ya shekara talatin tsakanin Kafanchan da Legas. Duk wanda ya san hanyoyin gida ya san in mota ta mutu a titi, kafin a nemi makanike sai an karyo ganye an jera a baya, don mai tahowa ya rage gudu. Shekararsa ashirin da shida a Landan, bai taɓa ganin wannan a kan kwaltar Ingila ba sai yau.

Yarinyar na zaune a bayan motar 'yan sanda, ƙofa a buɗe, ta zuba wa takalmanta ido. Uban na tsaye a kanta, dogo, fes da shi, hannayensa biyu cikin aljihun kwat duk da zafin watan Yuli. Da ya ga sunan da ke jikin katin Sufeto sai ya juya zuwa Hausa.

"Ashe na gida ne. Dakta Mijinyawa, ina da asibiti a Marylebone. Wannan 'yata ce, Afrah. Ƙaddara ce, Sufeto, yarinya ce, ta ruɗe. A duba mana."

Katung ya miƙa masa hannu. Likita ya ɗan rusuna da kai, bai fito da nasa ba.

A ofis, Afrah ta zauna kusa da lauyan da uban ya kira. Shekararta ashirin da uku, saura mata shekara ɗaya ta gama karatun haɗa magunguna. Tana jin Hausa sarai, amma Turanci ke zuwar mata da sauri, don haka ta riƙa cakuɗa su.

"Ni na yi hitching, ni na haɗa shi da mota. Abba ya yi mana booking a bakin teku, na ce zan ɗauko karaban da sassafe daga inda muke ajiye shi. A kan gangara na ji motar ta yi sauƙi, na duba madubi, babu shi. Na tsorata, na wuce gida na taso Abba."

"Kin sauka daga motar?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Ban sauka ba."

"To wa ya zuba ganyen?"

Ta ɗago kai a karon farko. "Wane ganye?"

Ba ƙarya a wannan tambayar tata, ita kaɗai ce gaskiyar da ta faɗa tun shigowarta. Katung ya tura mata hoton. Ta duba, ta ɗage kafaɗa, ta ce wataƙila ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, ne suka yi wa shinge aski.

"Afrah, kin san abin da kike ɗaukar wa kanki? Kisa ta hanyar tuƙin ganganci. Gidan yari ne, shekaru. Karatun da kika yi kuma ya tafi ke nan, babu mai ba ki lasisin taɓa magani."

"Abba ya ce tara ce kawai, tunda ban taɓa laifi ba."

"Abba lauya ne?"

Lauyan ya yi gyaran murya. Ita kuma ta cije leɓe ta maimaita, "Ni ce."

Haushi biyu ya kama Katung, na yarinyar da ke miƙa wuyanta, da na wanda ya nuna mata inda za ta miƙa shi. Amma haushi ba hujja ba ne. In bai samo abin riƙewa ba, takardar tuhuma za ta fita da sunanta, kuma ba mai iya janye ta cikin sauƙi.

Filin da ake ajiye karaban ɗin na wani makanike ne, Abdul-Nasir, mutumin Zariya, a wani lungu kusa da layin dogo a Plumstead. Katung ya same shi da hantsi yana zagaye fili yana huci.

"Yallaɓai, gara da ka zo. Mutumin nan, Dakta, ya kira ni ɗazu wai ni na yi masa service na banza, wai zai kai ni kotu. Ni! Wata biyu da suka wuce na duba karaban ɗin nan tun daga taya har fitila. Tayoyin sun shekara bakwai, na canza, don tayar karaban tsufa ke kashe ta, ba tafiya ba. Na gyara birki, na sa sabuwar waya. Ga takardar, ga sa hannunsa."

"Wa ke haɗa shi da mota in za su tafi?"

"Da can shi. Amma Dakta ba ya jin magana. Ka ce masa kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai kan taya, sai ya loda buhun shinkafa a can ƙarshen baya, karaban ya yi ta rawa a hanya. Ka ce kada a shafa giris a ƙwallon irin wannan kofin, sai ya lafta, wai haka ya ga ana yi wa motocin babansa a Kano. Jar wayar kuwa cewa yake tsoron Turawa ne. Shi ya sa bara na zaunar da 'yarsa na koya mata."

"Ta iya?"

"Ta iya? Ta fi wasu masu garejin! Sai ta ji ƙarar kamawa, ta ga koriyar alama ta fito, sannan ta murɗa ƙaramar tayar gaba har bayan motar ya ɗaga, don ta tabbatar ya kama. Ta maƙala waya, ta zagaya ta duba fitilu. Har tsokanarta nake, ina ce mata Hajiya Sufeto. Musamman da ya zama ita ke tuƙa shi ko'ina tun watan Maris."

"Me ya faru a watan Maris?"

Abdul-Nasir ya yi ƙasa da murya. "Ai kotu ta karɓe masa lasisi, Yallaɓai. Gudu. Wata shida aka hana shi tuƙi."

Katung ya dubi ƙofar filin. Lamba ake dannawa ta buɗe, kyamarar da ke sama kuma ta mutu tun bara, in ji mai filin, yana sosa ƙeya. Katung ya harare shi har sai da ya daina sosawa.

Da la'asar Zion ta kawo hoton kyamarar bas. Ƙarfe shida da minti talatin da huɗu bas ɗin ta shawo kwana, direban ya taka birki saboda tarin ganye a gabansa. Babu mota a wurin, babu kowa. Afrah da ubanta ba su iso ba sai ƙarfe bakwai saura kwata. Ke nan an jera ganyen tun kafin su dawo, kuma wanda ya jera shi ya sauka daga mota, ya tsaya, ya ɗauki lokacinsa.

"Yanzu na gane," in ji Zion. "Kamar jar alamar nan mai kusurwa uku."

"Si-koshan muke ce mata. Tasu tana cikin motar, ko ledarta ba a ɓare ba. Hannunsa bai tuna da ita ba, abin da ya tashi yana gani ya tuna."

Suna cikin haka likitar da ta duba gawa ta kira. Katung ya saurara. Amamata ba nan take ta rasu ba. Ƙarfe ne ya yanke ta a cinya, jini ya yi ta zuba. Ta kai kusan minti ashirin da rai. Da an sami wanda ya ɗaure cinyar tamau, ko da bel ɗin wando ne, da wataƙila tana asibiti yanzu tana tambayar kularta.

Ya ajiye wayar a hankali, don in bai yi a hankali ba zai fasa ta.

Washegari da safe ya sa aka kawo Afrah da lauyanta filin ajiye motoci na 'yan sanda. An jawo a-kori-kurar ubanta, irin mai kujerun fata da ba ta taɓa ɗaukar ko buhun siminti ba, aka ajiye wani karaban na gwaji a bayanta.

"Nuna mini yadda kika haɗa jiya. Sauri nake, minti biyu na ba ki."

Ta sunkuya. Ta saukar da kofin a kan ƙwallon, ya ce ƙas. Ta leƙa koriyar alamar. Hannunta ya kai ga mariƙin ƙaramar taya ya murɗa, bayan motar ya ɗaga. Katung na ta jefa mata tambayoyi don kada ta sami sararin tunani, wane titi ta bi, me ta karya da shi, wace waƙa ke tashi a rediyo. Tana amsawa, hannun hagunta ya warware jar wayar, ya zura ta ta ramin ƙarfen motar, ya maƙale. Sai da ta miƙe ta ga abin da ta yi.

"Jiya na manta," ta ce da sauri.

"Bakinki ya iya ƙarya, hannunki bai koya ba tukuna. Afrah, matar nan sunanta Amamata. Ta yi minti ashirin a ƙarƙashin ƙarfen nan tana numfashi. Ɗaure cinya kawai take buƙata."

Yarinyar ta zaro ido.

"Ba gaskiya ba ne. Ya ce ya duba ta. Ya ce min ta riga ta rasu, babu abin da za a..."

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Lauyan ya rufe fayil ɗinsa ya kalli sama. Katung bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan, tausayi ne ya kama shi, don a gabansa yarinyar ta rasa uban da take tsammanin tana da shi. Ta zauna a kan ƙarfen karaban ɗin ta yi kuka mai cin rai, Zion ta dafa ta.

Asibitin Dakta Mijinyawa na hawa na biyu a wani tsohon gini a Marylebone, kafet mai laushi, furanni a tulu, marasa lafiya uku na jira. Mutumin da 'yarsa ke hanyar gidan yari ya fito aiki ranar Litinin kamar kowa. Wannan kaɗai ya isa ya sa Katung ya ƙi zama da aka nuna masa kujera. Zion ta karanta wa Likita haƙƙinsa, ta kunna na'urar ɗaukar magana.

"Dakta, ina kake ƙarfe shida da kwata na safiyar jiya?"

"A gida, ina barci. 'Yata ta faɗa muku."

"Ɗora hannuwanka a kan tebur."

"Sufeto, ni fa ba ɓarawo ba ne. Mu yi magana ta fahimta, mu 'yan gida ɗaya ne."

"Shi ya sa na gane ka. Hannuwanka."

Ya ɗora. Tafukan biyu duk filasta, tsakanin yatsu kuma ga jan zane-zanen ƙaya.

"Lambu na gyara."

"An ɗauki jini a jikin rassan nan, yana ɗakin gwaji. Za mu ga ko lambunka ya biyo ka har gangara." Katung ya jera hotuna uku a gabansa. "'Yarka a Woolwich, nan Landan, aka haife ta. Sau biyu ta je Najeriya, daga filin jirgi zuwa gidan kakarta. Ba ta taɓa ganin mota ta mutu a hanyar Zariya ba. Ta ɗauka council ce ta zubar da shara. A duk gidanka mutum ɗaya ne zai ga karaban kwance a titi hannunsa ya tafi shinge."

Likita ya daɗe yana kallon hotunan. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, girman nan duk ya zube.

"Ba ta tashi da wuri ba," ya ce a hankali. "Na ce minti goma ne, wa zai gan ni da sassafe? Na kwana biyu ban haɗa kofin ba, na ɗauka ya kama. Da na ji ya tafi, na tsaya, na gangara da gudu. Na ga ƙafafunta. Sufeto, in aka kama ni a kan sitiyari an gama da ni, lasisin likita, asibitin nan, shekara talatin na wahala. Afrah yarinya ce, ba ta da laifi a baya, na ɗauka za a sassauta mata."

"Ka taɓa matar?"

Likita ya kawar da kai.

"Dakta, ka taɓa ta?"

"Ta yi magana," ya ce. "Da Hausa. Ta ga hulata. Ta ce, ɗan'uwa, taimake ni."

Zion ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskar Sufeto ta matso kusa da shi.

"Sai ka yi me?"

"Na ga kwanar ba a hango ƙasa. Na ce kada wata motar ta zo ta afka, a ƙara asarar rai. Na karyo ganye. Wallahi don in ceci mutane na yi."

"Minti nawa ya ɗauke ka?"

"Ban sani ba. Huɗu, biyar."

"Bel ɗin da ke ƙugunka minti ɗaya zai ɗauke ka!" Katung ya daki teburin har tulun furanni ya yi tsalle. "Wayar da ka raina, daƙiƙa biyar. Kiran asibiti, daƙiƙa goma. Kana da lokacin karyo ƙaya da hannunka kashi uku, kana auna taku, mace na kiran ka ɗan'uwa a bayanka. Sannan ka je gida ka tashi 'yar cikinka daga barci ka ce ta je ta zauna maka a kurkuku. Tashi."

Zion ta sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya roƙi a rufa masa hannu da kwat saboda marasa lafiyar da ke waje. Katung ya ɗauko kwat ɗin daga maratayi, ya saɓa a kafaɗarsa shi kansa, ya buɗe ƙofar har ƙarshe.

A kan matakala Likita ya waiwayo. "Afrah fa? Ka ce mata ina son magana da ita."

"Na tambaye ta kafin in taho ko tana da saƙo gare ka," in ji Katung. "An ba da belinta, ta tafi gidan su Amamata gaisuwa. Ta ce in ka tambaya, in gaya maka ta saya musu sabuwar kula a madadin wadda ta fashe."